Ciki Ya Cika, Tozo Bai Tashi Ba

Mu dai a ƙasar Yauri, da zarar an kwashe shinkafa daga fadama, an ɗinke buhunan albasa an ɗora a mota, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, to ɗayan uku ne: ko a ƙara aure, ko a sayi babur, ko a ɗauro sa a turke. Mai aure da mai babur sun san abin da suka jawo wa kansu. Mai sa kuwa shi ke zagaya unguwa yana taƙamar shi ne mai hankalin cikinsu, wai ya ajiye kuɗinsa inda za su haihu. Daga Birnin Yauri zuwa Yelwa, daga Wara zuwa Shanga, da wuya ka leƙa gidaje a jere ba ka ga turke a bayan rumbu ba, ko ɗan bijimi, ko shanun huɗa biyu da suka gama aikin damina ana so a gyara su a fitar. Tun da satar shanu ta yi ƙamari ma, kowa ya fi son dabbarsa ta kwana inda yake jin numfashinta.

Kuma kowannenmu malami ne a harkar. Ka zauna a majalisar bayan la'asar ka ce sanka ba ya ƙiba, kafin ka rufe baki an ba ka magani goma. Wannan ya ce kanwa ce ta yi masa kaɗan. Wancan ya ce baki ne, a daina nuna shi ga kowa. Wani ya ce ai iri ne, da Bokolo ka saya da yanzu ba ya wucewa ta ƙofar zaure. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me san yake ci, kuma nawa. In ma an tambaya, amsarmu guda ce: "Wallahi komin nan ba ya rabuwa da abinci. Kai dubi cikinsa mana!"

Cikin kam ya cika, ba ƙarya. Ya fito ta dama, ya fito ta hagu. Amma daga bakin ƙofa kana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙashin ƙugu a tsaye, tozo ya langaɓe gefe guda, gashi ya yi buzu-buzu ba sheƙi, kashinsa a bushe da tauri. Ya yi watanni a turke, an sha ɗibar ruwa, yara sun sha tsawa a kan yankan ciyawa. Ranar da aka kai shi kasuwar kara, dillali ya zagaya shi sau ɗaya, ya dafa gadon bayansa, ya yi tayin da bai ɗara kuɗin saye da wani abin kirki ba. Mu ce albarka, mu jawo abinmu, mu dawo muna cewa kasuwa ce ta faɗi.

Akwai wani tsohon malamin dabbobi da ke zama da mu. Ya yi ritaya, aikinsa yanzu sauraron rediyo da gyara mana zance. Shi kaɗai ne ba ya ba da magani. In an matsa masa sai ya gyara hula ya ce, "Ku da kuka tashi bakin ruwa, mi za a tsaya yi muku dogon bayani? Mutum ya ɗauki jirgi zai haura Kwara, ruwa na gangarowa. In ya yi tuƙi daidai ƙarfin ruwan, yana nan inda yake, gumi kawai yake zubarwa. In ya sassauta, ruwa ya mai da shi baya. Sai abin da ya ƙara bisa ƙarfin ruwan shi ke kai shi gaba. To wanga sa naka, wata huɗu shina tuƙi wuri guda."

Abin da yake nufi, kafin sa ya ƙara ko da giram ɗaya na nama, sai ya fara biyan kuɗin zama da rai. Numfashi, bugun zuciya, tuƙa, tsayuwa, kaɗa jela yana korar ƙuda, ɗumama jiki a sanyin hunturu, duk daga abinci suke fita. Ka ɗauki bijimi mai nauyin kilo 250, irin wanda akasarinmu ke iya saya. Cikinsa na ɗaukar busasshen abinci kamar kashi 2 da rabi zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 6 zuwa 7 a yini. Ko da abincin mai kyau ne, wajen rabinsa a kan zama da ran nan yake tafiya. Ɗaya rabin ne ke komawa nama da kitse. Ka rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na abincin, ba kashi ɗaya cikin huɗu na ƙibar ka rage ba, kusan rabinta ka zubar, domin ba a taɓa kason zama da rai.

A nan ne ake kama Kawu na bayan masallaci, sarkin tsimi. Shi a wurinsa wayo shi ne buhun dusa ya yi wata biyu. Malam ya ce, "To Kawu, mu ƙirga. Kana so sanka ya ƙara kilo 70. Mai ba shi abinci yadda ya kamata, yana ƙara giram 700 a yini, cikin kwana 100 ya gama, ya kai kasuwa, ya sayo wani. Kai da kake ba shi ɗan tsakure, yana ƙara giram 250, sai ka yi kwana 280. Shi ya biya kuɗin zama da rai na kwana 100, kai ka biya na 280. Tsakaninku wa ya yi tsimi?" Kawu ya yi shiru, ya ce lissafin boko ne. Aka yi dariya. Amma washegari an ga yaronsa da buhu a kan baro.

To sai dai ba yawan ne kaɗai ba. Abincin dabba kashi biyu ne da ba sa maye gurbin juna. Akwai mai ba da ƙarfi, irin su dusar masara, dusar dawa da ta gero, tsaki, da ciyawa mai kyau. Akwai kuma mai gina jiki, wanda 'yan boko ke kira furotin: harawar wake, harawar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, angurya, 'ya'yan gawo. Mu yawanci na farkon muka sani, shi ma rabi-rabi. Abin mamakin shi ne, sa ba shi ke narkar da ciyawa da kansa ba. A cikin tumbinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa, su ke farfasa kara da ciyawa su mayar da su abin da jikinsa zai iya zuƙa. Su ɗin nan kuma sai sun sami furotin suke yawaita. In furotin da ke cikin abinci ya gaza kashi 7 cikin 100, sai su yi rauni, kara ya jibge a tumbi ya ƙi wucewa, san ya rage ci domin babu wurin sa sabo. Cikar cikin da muke nuna wa baƙi ke nan. Ba ƙoshi ba ne, cunkoso ne. Bijimi mai tasowa kuwa yana son kashi 11 zuwa 13 ne, maraƙin da aka yaye ya fi haka, har 14 zuwa 16.

Yanzu ka dubi abin da ke cikin kominmu da rani. Tun da shirin bai wa manoma bashin noman shinkafa ya fara daga Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, karan shinkafa ya zama abin da ake tuntuɓe da shi a jihar nan. Wasu ma wuta suke cinna masa a gona. Kyauta ne, don haka shi muke tulawa. Furotin ɗinsa bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba, ga shi da wani sinadari irin na yashi da ke hana shi narkewa da wuri. Sa mai kilo 250 da ƙyar yake iya cinye kilo 5 nasa a yini, abin da zai samu a ciki kuwa giram 200 ne na furotin ko kusa da haka. Zama da rai kaɗai yana neman kusan ninki biyu na wannan, ƙiba mai kyau kuma wajen giram 800. Karan dawa da ya sha rana da iskar hunturu a gona, dabbobi suka tsince karmaminsa, shi ma duk kanwar ja ce. San da ke kan waɗannan kaɗai naman jikinsa yake ci, kana tsaye kana kallo.

Wani Bafulatani da ke kawo mana shanu daga ruga, in ya shigo ya ga wannan, dariya yake yi har da riƙe sanda. "Kai Kaɗo, ka ɗaure dabba ka hana ta zaɓe, sannan ka ba ta abin da in tana sake ko sunsuna shi ba ta yi!" Kuma yana da gaskiya. Saniyar da ke daji tana tsintar ganye a nan, 'ya'yan kalgo a can, ɗanyen toho a bakin rafi. Da bazara, in ciyawa ta ƙare, za ka ga yaransu a saman kawo da maɗaci da madobiya suna sassabo rassa. Ba su taɓa jin sunan furotin ba, amma ganyen itatuwan nan shi ne furotin ɗin shanunsu a lokacin da ƙasa ta bushe. Mu da muka kafa turke, mun ɗauke wa dabba wahalar yawo, wanda alheri ne domin yawo ma ƙarfi yake ci, amma mun ɗora wa kanmu nauyin yi mata zaɓen.

Zaɓen da muka fi yi kuwa shi ne na araha. Ka je bakin injin cashe shinkafa ka ga yadda ake layin abin da muke kira dusar shinkafa. Yawancin ƙananan injinan nan bugu ɗaya suke yi, su haɗe dusa da ɓuntu wuri guda, ɓuntun ma ya fi yawa. Dusar shinkafa ta gaskiya, mai laushi, mai maiƙo a hannu, abinci ce mai kyau, furotin ɗinta ya kai kashi 12, ga mai, sai dai ba ta jimre ajiya, tana saurin yin wari. Irin wadda manyan masana'antu ke warewa ke nan, kamar Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Ɓuntu kuwa ɓawo ne kawai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa sinadarin yashin nan ne, kaji ma shimfiɗa ake yi musu da shi. Gwajin ba wuya: ɗebi hannu guda ka murza. In ya soke ka, ya yi ƙaiƙayi, ka hura ya tashi sama, to kuɗin ɗauko kawai ka biya. Inna ta kusa da mu, wadda ta fi mu duka iya kiwo, cewa take yi, "Ɗan nan, araha ba ta ado. Ka sayi rabin buhun dusar masara ya fi maka buhu uku na wancan."

Harawa kuma, wadda Allah ya hore mana, sayar da ita muke yi. Da kaka za ka ga an naɗe ta dami-dami an jera bisa rufin ɗaki da rassan itace, kore shar. Kafin watan Maris masu motoci sun kwashe, mu karɓi kuɗi muna murna, sannan mu koma mu zuba wa namu san kara. Alhali harawar wake ko ta gyaɗa da aka yanka da ganyenta, aka shanya ba ta sha ruwa ba, furotin ɗinta na kaiwa kashi 10 zuwa 15. A ganyen amfanin yake, don haka wadda aka yi ta jifa da ita har ganye ya kakkaɓe, igiya kawai ta rage. Angurya da aka matse man ta, wadda ake kawowa daga wajen Gusau da Funtuwa, tana da kashi 20 zuwa 30 in da ɓawonta, ƙuli-ƙulin gyaɗa kuwa ya haura 40, sai dai shi muna takara da dabba a kansa. Malam ya taɓa zana mana a ƙasa da tsinke: harawa kilo 3, dusar masara kilo 2 da rabi, angurya kilo 1, ga ɗan gishiri, ga ruwa. Ka haɗa furotin ɗin ya zarce giram 800, ƙarfin ma ya isa. Bijimi mai lafiya a kan wannan yana ƙara abin da ya haura rabin kilo a yini, wani ma ya doshi kilo guda. Karan shinkafa sai ya zama abin taɓawa da dare. Kowar wake da 'ya'yan gawo in an samu, sai a rage angurya. Amma duk wadda ta yi fumfuna a zubar, kuma ba a cika wa ƙaramin maraƙi angurya.

Ruwan ma muna yi masa rowa. Da zafin Afrilu sa na shan lita 40 ko fiye, jarka biyu ke nan. Mu kuwa bokiti ɗaya da safe, wai ai an jiƙa masa dusa. San da bai sha ba, ba ya ci.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne burugu, ciyawar bakin ruwa, domin shi ne gatan da muke da shi wanda mutanen tudu ba su da shi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungunan da Gungawa ke noman albasa a kansu, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni, tafkin ya zo da nasa tsarin. Farin ruwa na zuwa da damina daga ruwan samanmu na nan kusa. Baƙin ruwa kuwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, sai cikin hunturu yake isowa wurinmu. Shi ya sa lokacin da ciyawar tudu ta zama toka, a bakin tafki burugu yana nan kore yana iyo bisa ruwa, karansa har zaƙi gare shi, yara ma na tsotsa. In ruwa ya fara ja baya, sai ya kwanta a kan laka, shanun Fulani su sauko, masu noman bakin ruwa su ma su sauko, daga nan kuma sai Allah ya kiyaye. A ƙasar Mali, wajen Mobti da Tumbutu, ciyawar nan dasa ta ake yi kamar shinkafa, a yanka, a shanya, a ɗaure, a kai kasuwa. Mu a nan masunta na tsine mata don tana cin taru, masu kiwo kuma sai sun ga dama su aiki yaro da lauje.

In yaron ya dawo da rungume guda a kai, sai mu ce yau kam sa ya ci ɗanye. Ka ɗora rungumen a sikeli, ka ce kilo 10 ne. Wajen kilo 8 a ciki ruwa ne. Abincin da ke ciki na ainihi kilo 2 ne ko ya ɗan ɗara, san kuwa 6 zuwa 7 yake nema. Wanda zai ciyar da burugu kaɗai sai ya kawo irin wannan rungumen sau uku a yini. Masu wayon cikinmu, kuma akwai su a garuruwan bakin ruwa na Ngaski, cika jirgi suke yi, su baza shi a tudu ya sha iska, su haɗa da dusa. Wani na gani ya yanke tsohon kwalekwalensa da ya fara yoyo ya mayar da shi komi, sa biyu na ci daga gefe da gefe, ba abin da ke zuba ƙasa a tattake.

Sai dai bakin ruwa da haƙƙinsa. Inda burugu yake nan ƙananan katantanwa suke, su ke ɗauke da tsutsar hanta. Dabba ta ci ciyawar da 'ya'yan tsutsar suka manne, su shige hanta su zauna suna shan jini. Tambayi duk mahaucin da ke yanka a Yelwa hanta nawa yake yankewa ya yar, ta yi tauri, jijiyoyinta sun yi fari, in an matsa tsutsa mai faɗi ta fito. Ga sammore da ƙudan tsando ke kawowa, ga kaska. San da ke ɗauke da waɗannan, ko buhun angurya ka juye masa, da baƙi yake rabawa. Shi ya sa masu kiwon gaske, ranar da dabba ta shigo gida, kafin a yi zancen dusa, sai an kira malamin dabbobi ya ba ta maganin tsutsa da na hanta. Mu kuwa sai ta fara zawo, ƙasan haɓarta ya kumbura, sannan a ruga kasuwa a sayo allurar da mai tebur ya ce tana sa ƙiba. Irin allurar nan ruwa take tara wa dabba a jiki, mahauci kuma ba yaro ba ne, wuƙa ɗaya zai sa ya gane.

A wajen saye ma ido ne ke jan mu. Muna son wanda ya riga ya yi sumul, don in an shigo da shi unguwa a ce wane ya yi saye. Gogaggu kuwa ramamme suke nema, mai dogon jiki, mai faɗin ƙirji, mai manyan ƙasusuwa, wanda yunwar rani ce ta kayar da shi ba ciwo ba. Irin wannan in ya sami abinci, makonnin farko sai ka rantse hura shi ake yi, domin jikinsa ramuwa yake yi. Sannan su buɗe baki su duba haƙoran ƙasa. Shanunmu kan sauya biyun farko suna da shekara 2 zuwa 2 da rabi, baki ya cika takwas wajen shekara 5. Dalilin dubawar, mai tasowa tsoka yake ɗorawa, tsoka kuwa kashi uku cikin huɗunta ruwa ne, don haka kilo ɗinta ba ya cin abinci da yawa, amma tana son furotin. Tsohon san huɗa ya gama gina jiki, abin da zai ƙara yawanci kitse ne, kilo ɗin kitse kuma yana cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Shi dusa ya fi so a kan angurya. Mu kuwa kwano ɗaya muke auna wa maraƙi da kakansa. Ɗan ƙaramin maraƙin da aka sayo don araha, aka ɗora shi a kan kara, tsumburewa yake yi, kai ya yi girma, jiki ya tsaya.

Sai kuma Babbar Salla ta matso, saura mako uku, hankali ya tashi. San da ya saba da kara a wayi gari an cika masa komi da dusa da tsakin masara har da ragowar tuwo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Halittun tumbin nan ba su saba ba, abincin ya yi tsami a ciki, sa ya daina tuƙa, ciki ya kumbura ta hagu, zawo mai wari ya ɓalle, wani ya kama ɗingishi, wani a kwana a neme shi da wuƙa tsakar dare. Ƙarin dusa da kaɗan-kaɗan ake yinsa, a ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma kullum a fara ba shi harawa ko ciyawa kafin dusar. Wata matsalar da ba mu danganta ta da abinci ita ce tsakuwar mafitsara. Dusa zalla, ba harawa, ba isasshen ruwa, ita ke sa namijin dabba ya tsaya yana nishi fitsari ya ƙi fita. Raguna sun fi shan wannan, amma sa ma ba ta bar shi ba. Ledar da ke yawo a tsakar gida kuma, dabbar da ke ƙwaɗayin gishiri haɗiye ta take yi, kuma ba ta fita. Mahauta na ciro ta a dunƙule.

Karan shinkafar nan ma da muka yi ta zagi, ana iya gyara shi. A sami kilo 100, a narkar da takin yuriya kilo 4 a ruwa kamar jarka uku, a riƙa yayyafawa ana tattakewa a rami ko a lungun gini, a rufe ruf da leda mai kauri har mako uku. In an buɗe wari zai bugi hanci, kara ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. A baza wanda za a bayar ya sha iska tukuna. Furotin ɗinsa kan ninka, dabba ta fi ci, ya fi narkewa. Ranar da Malam ya faɗi wannan a majalisa sai da ya miƙe tsaye ya nuna mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, domin ya san halinmu. "Ban ce a zuba taki a ruwan sha ba. Ban ce a barbaɗa a dusa ba. Wanda ya yi haka, kafin ya je masallaci ya dawo sansa ya mutu. Kuma ba a ba maraƙi, ba a ba jaki, ba a ba doki." Alhaji mai shago ya ce shi dai taki na gona ne, a bar shi a gona. Wannan karon ba wanda ya yi masa gardama sosai.

Ba wai sabon ilimi ba ne. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, a Zariya, ta yi shekaru da dama tana gwada turkar Bunaji da Bokolo a kan irin waɗannan abincin namu. A 2024 har ma'aikatar kiwo ta musamman gwamnatin tarayya ta kafa. Abin da bai iso turkenmu ba shi ne awo. Muna cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma idon da ke ganin dabba safe da yamma ba ya ganin ramarta. Igiya ma ta isa: a zagaya ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, a ƙulla, bayan mako biyu a sake. In ƙullin bai matsa ba, abincin ne ko ciwo. A kuma auna kwanon dusar a sikelin mai shago ko sau ɗaya ne, don a san kilo nawa ake nufi in an ce "kwano biyu". Yanzu da aka cire tallafin mai tun 2023, kuɗin mota zuwa Ikko ta Kwantagora da Jebba ya hau, masu kaji da masu kifi na rububin dusar da muke nema, dillali ba ya sayen labari.

Ranar da aka yi sa'a kuwa aka sayar da riba, lissafinmu mai sauƙi ne: na saya kaza, na sayar kaza, ga ribata. Ba a sa harawar da aka sauko da ita daga rufin ɗaki, don wai ta gona ce. Ba a sa ladan yaron da ya yi ta shiga ruwa da lauje. Uwa uba, ba a sa abin da ya fito daga cikin gida, alhali kowa ya san wa ke kiwon nan. Dusar surfe, ruwan ƙasari, diddigar kamu, kowar waken da aka ɓare da dare, tashi da asuba a share turke, duk uwargida ce. Maƙwabcina ya dawo daga kara da kuɗi a aljihun 'yar ciki, ya zauna kan tabarma yana ƙirgawa da ƙarfi don a ji, sannan ya zaro 'yan canji ya ce a sayi sabulu. Ta katanga muka jiyo ta: "Maigida, sannu da ƙoƙari. To ga nawa lissafin. Dusa tiya ɗaya kullum tun daga watan Rajab, in da sayarwa na yi ka san kuɗinta. Tunkiyata na hana na ba sanka. Ka fitar mini da wannan tukuna, sauran sai mu ga ko ya kai kuɗin sabulun." An yi sulhu a kan turmin atamfa da tunkiya guda, kuma ta ce san da za a sayo na gaba ita za ta bi ƙanenta kara ta buɗe bakinsa da kanta.